Dandalin Da Ya Haifi Samanja

Yau na ɗan jingine littafin da muke kawo maku, domin in taɓo tarihin wani gida a Kaduna da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba.

Idan ana hirar wasan kwaikwayon Hausa, yaran yanzu daga Turmin Danya suke farawa, fim ɗin da aka yi a Kano a 1990. To amma kafin nan fa? Ni a wurina babban dandalin wasan Hausa shi ne ɗakin ɗaukar shirye-shirye na gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta buɗe shi a 1962 da sunan BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, talabijin ya koma ƙarƙashin NTA a 1977, rediyon kuma ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna.

Dandali ne wanda ba shi da kujerun 'yan kallo. 'Yan kallonsa suna zaune a zauruka da tsakar gidaje, yara sun yi dafifi a gidan mai akwatin talabijin ɗaya tilo a unguwa.

A nan Usman Baba Pategi ya zama Samanja Mazan Fama. Mutumin Pategi ne, tsohon soja da ya ga yaƙin basasa, kuma sunan ma daga muƙamin saje-manja aka samo shi. Abin da ya fi burge ni shi ne harshensa: Hausar bariki zalla, gauraye da Turancin buroka, ga tsawa ga muzurai. Malaman Hausa na iya yamutsa fuska, amma haka Kaduna take magana, garin da Turawa suka kafa wa sojoji da ma'aikata, inda kowace ƙabila ta zo da bakinta. Da wuya Kano ko Sakkwato su haifi irin wannan wasa.

Ga kuma Kasimu Yero na Karambana, wanda ya fito a Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin. Shi ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a Nuwamban 2023, duk a Kaduna. Allah Ya jiƙansu da rahama.