Masaga na Bida: Tarihin Masu Narka Gilashi a Ƙasar Nufe

Wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai tarar da maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa kowa a bakin aikinsa. Gilashi kuwa, jama'a sun saba ɗaukarsa kayan Turawa. Amma idan aka bi kogin Kwara aka gangara kudu har ƙasar Nufe, akwai birnin Bida, inda wata zuriya da ake kira Masaga ta daɗe tana narka gilashi tana yin ƙarau da duwatsun wuya.

Masaga suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso. Ko ma dai daga ina ne, sana'arsu ta bunƙasa bayan Bida ta zama gidan sarautar Nufe a tsakiyar ƙarni na 19, musamman zamanin Etsu Masaba. Suna da unguwarsu da shugabansu, kuma ɗa daga ubansa yake koyon aikin. Abin da ya bambanta su da yawancin masu yin duwatsu a Afirka ta Yamma shi ne, a da su da kansu suke haɗa gilashin tun daga tushe. Sukan cakuɗa yashi da kanwa, su zuba a tanderu, a yi ta zuga wuta dare da rana har ya narke ya zama wani baƙin gilashi da suke kira bikini. Kanwar kuwa a wancan zamani fatake ne ke kawo ta daga arewa, daga ƙasashen Barno da Manga, su kuma komo da ƙarau zuwa kasuwannin ƙasar Hausa.

Masaga ba sa hura gilashi da baki. Wannan dabara ta ɓullo ne a ƙasar Sham a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya ta shahara a Murano ta Italiya. A Bida, mai aiki yakan ɗebo narkakken gilashi da tsinken ƙarfe, ya naɗe shi, ya yi ta juyawa a bakin wuta yana faɗaɗa ramin har ya zama ƙarau. Wani na kan zuga-zugi, wani na ƙara itace, don aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Bajamushe Leo Frobenius ya ga wannan aiki a 1911, sannan S. F. Nadel ya bayyana shi a littafin da ya wallafa kan Nufawa a 1942. A tsakanin nan al'amura sun sauya. Tun da sojojin kamfanin Royal Niger suka ci Bida a 1897, kayan Turai suka yawaita, kwalabe suka samu ko'ina. Fasa kwalba a narka ta ya fi sauƙi da araha, ga launuka iri-iri. Sannu a hankali aka bar haɗa bikini, saninsa ya rage a bakin tsofaffi kawai.

Abin mamaki, a zamanin da ilimin ke dushewa a Bida ne Amurka ta mai da aikin gilashi fasaha ta mutum ɗaya mai suna. A 1962 Harvey Littleton ya nuna a birnin Toledo cewa ƙaramin tanderu ya isa mai fasaha ya yi aiki a ɗakinsa, ba sai a masana'anta ba. Ɗalibinsa Dale Chihuly ya rasa ganin idonsa na hagu a haɗarin mota a 1976, bayan ƴan shekaru ya daina hurawa da kansa, ya koma yana jagorantar ƙungiyar ma'aikata. Wato ya dawo kan tsarin da Masaga suka daɗe a kai, sai dai shi sunansa ne ke kan aikin, su kuwa sunan zuriya.

A 2019 dattawan Masaga suka sake gina tanderu, suka haɗa bikini bayan shekaru masu yawa da barinsa. A 2021 hukumar UNESCO ta saka Bida cikin biranen da suka yi fice a sana'o'in hannu.

Wannan tarihi ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu na Nijar. A Bida ƙarau bai taɓa ɓacewa daga kasuwa ba, abin da ya kusa salwanta shi ne sanin yadda ake haɗa gilashin. Haka rini da jima da ƙira suke: kaya na iya cika rumfa alhali ilimin tushe ya tafi da mai shi. Ya kamata a zauna da tsofaffin masu sana'a, a rubuta awo da matakan aikinsu da Hausa tun suna raye.