Takarda da Amana: Rikicin Kadarorin Cocin Angilikan a Khartum

Dillalin gidaje a Suk al-Shabi, na Khartum ko na Omdurman, ba ya tambayar wanda ya tara kuɗin gini. Zai buɗe takardar mallaka, ya ɗora yatsa kan suna, ya ce, "Mai wannan sunan yana nan?" Hujjata a wannan maƙala ita ce, da irin wannan ido hukuma ta dubi dukiyar Cocin Angilikan ta Sudan, kuma hakan zalunci ne ga masu ibada.

A Amurka an saba ganin ikilisiya ta kai dayosis ƙara, ko dayosis ta kai ikilisiya, musamman bayan dokar cocin Angilikan ta can da ake kira dokar Dennis, ta 1979, wadda ta ce kadarar kowace majami'a amana ce ta dayosis da cocin ƙasa baki ɗaya. A Sudan lamarin ya sha bamban, domin gwamnati tana tsakiyar rigimar. Tun 1971 mulkin Numairi ya ƙwace babbar majami'ar All Saints da ke kusa da fadar shugaban ƙasa, daga baya aka mayar da ita gidan tarihi.

Abin da ya fi ciwo ya faru a Mayun 2004. Gabriel Roric Jur, tsohon bishop na Rumbek, wanda ya riƙe muƙamin ƙaramin minista a gwamnatin al-Bashir, an tuɓe shi daga muƙamin bishop a 2003, sai ya kafa tasa cocin. Amma sunansa ne a takardar masaukin baƙi na Cocin Angilikan da ke Khartum, inda ofisoshinta suke. Ya sayar da gidan. 'Yan sanda ɗauke da makamai suka zo da umarnin kotu, suka fitar da ma'aikata da kayansu.

Wani zai ce kotu ba ta da madogara sai takarda, kuma mai saye ya biya kuɗinsa. Gaskiya ne, mai saye yana da haƙƙi. Sai dai Sudan ƙasa ce da ta san waƙafi sarai: mai kula da waƙafi ba mai shi ba ne, kuma babu alƙalin da zai yarda limamin da aka sauke ya sayar da kantunan masallaci don kawai sunansa na rubuce. Wannan fahimta ce aka hana Kiristocin Khartum ranar da aka fitar da su, alhali a lokacin yawancinsu 'yan gudun hijira ne daga Kudancin Sudan da Duwatsun Nuba, waɗanda baikonsu na ranar Lahadi ke riƙe da cocin.