Hango Cutar Masara da Auduga Kafin Ta Sauka Gona

A farkon shekarun 1930 wata cuta ta addabi masara mai zaƙi a arewa maso gabashin Amurka. Ganye ya yi dogon zane ruwan ɗorawa, shuka ta yi yaushi tun tana ƙarama, ta mutu. Cutar Stewart ake ce mata. Abin da ya ɗaure wa manoma kai shi ne, bana ta cinye gona, baɗi a neme ta a rasa. Masanin cututtukan tsirrai Neil Stevens ne ya gano alaƙarta da sanyin hunturu a 1934. Ƙwayar cutar tana yin hunturu ne a cikin wani mitsitsin ƙwaro mai tsalle kamar ƙuma. In sanyi ya tsananta ƙwaron ya mutu, cutar ta mutu tare da shi. Sai Stevens ya ce a tara matsakaicin zafin Disamba da Janairu da Fabrairu a ma'aunin Faranhait: in jimillar ba ta kai 90 ba a kwantar da hankali, in ta haura 100 a shirya.

Lissafin ɗan firamare ne, amma har yau ina ganin ba a yi hasashen da ya fi shi amfani ba, domin yana zuwa tun manomi bai sayi iri ba.

Shekarar 1970 ce ta girgiza kowa. Kamfanonin iri sun gaji da biyan leburori su bi kunya-kunya suna tsinke furen da ke saman karan masara, sai suka koma ga wani jinsi daga Texas wanda furensa ba ya barbara. Aiki ya yi sauƙi, har kusan kashi 85 cikin ɗari na masarar ƙasar ta gaji wannan hali. Ashe akwai wani naman gwari mai ƙona ganye da ya fi ƙarfin wannan jinsi. Ya taso daga Florida, iska mai ɗumi da laima ta ɗauko shi zuwa arewa, kafin girbi ya lashe kimanin kashi 15 cikin ɗari na amfanin ƙasar, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala biliyan ɗaya.

A 1971 sai gwamnati ta fito da manyan kayan aiki. Hukumar NASA da Ma'aikatar Noma da Jami'ar Purdue suka haɗa kai, jirage suna shawagi a kan gonakin jihohi bakwai suna ɗaukar hoto da irin hasken da ido ba ya gani, malaman gona kuma suna ƙasa suna duba ganye don a gwada abin da hoto ya nuna da abin da ke kan kara. Sakamakon ya sanyaya gwiwa: hoton yana nuna cutar in ta yi nisa, amma farkon kamuwa, lokacin da feshi zai yi rana, ba ya kama shi. Abin da ya kashe annobar shi ne komawa ga tsohon iri da tsinke fure da hannu. Duk da haka wahalar ba ta tashi a banza ba. A 1972 Paul Waggoner da abokan aikinsa a Connecticut suka fitar da EPIMAY, tsarin kwamfuta da ake ba zafi da raɓa da iska ya kwaikwayi yadda cutar za ta yaɗu. 

(Afirka ta Yamma ta riga Amurka ɗanɗana irin wannan ba-zata. Tsatsar masara ta ɓulla a Saliyo a 1949, cikin 'yan shekaru ta ratsa Najeriya ta kai Kenya.)

Labarin auduga dabam ne, kuma ya fi burge ni. A Texas akwai ruɓewar saiwa, wadda naman gwarinta ke kwance can cikin ƙasa shekara da shekaru. Auduga tana tsaka da ƙwallo sai ta yanke jiki ta bushe cikin kwanaki, ganyen yana nan manne a kara bai zuba ba. Tun 1929 wani masani mai suna Taubenhaus da abokan aikinsa suka ɗauki hoton irin waɗannan gonaki daga jirgin sama, aka ga cutar faci-faci, zagaye-zagaye, kamar ƙazuwa a jikin gona. To, an gani, amma babu magani, hotuna suka zauna a ɗakin ajiya. Sai a wannan ƙarni masu bincike na Ma'aikatar Noma suka gwada hotunan gona ɗaya da aka ɗauka shekara goma tsakani, suka tarar facin bai gusa sosai ba. Wato hoton bara shi ne hasashen bana. Da aka ba da izinin maganin flutriafol a 2012, taswira ta samu aikin yi: a ɗora ta a na'urar tarakta, magani ya zuba inda cutar ta saba fitowa, ya tsaya da kansa a inda ƙasa take lafiya. Maganin yana da tsada, kuma sau da yawa wani yanki na gonar kaɗai ke buƙatarsa.

Masara kuwa ba ta huta ba. A 2015 aka fara ganin cutar ɗigon kwalta a Indiana da Illinois, baƙaƙen ɗigo masu tudu da ba sa gogewa ko an murza da yatsa, a 2018 ta yi ɓarna mai yawa. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka fitar da manhajar Tarspotter, wadda a lokacin take ɗauko yanayin daidai inda gonar take ta faɗi ko hatsarin ya yi sama. Ba ta ganin gonar, don haka manomi ne zai shiga kunya ya duba ko masara ta kusa fure, sannan ya yanke ko kuɗin feshi zai dawo.