Daga Neftun zuwa Ɓoyayyen Abu: Tarihin Tambayar da Kimiyyar Fiziks Ta Kasa Amsawa

Ɗaya daga cikin manyan matsalolin da suka tsaya wa kimiyyar fiziks a wuya, wato ilimin da ke binciken dokokin motsi da ƙarfi da haske da zafi, ita ce yadda abin da masana ke iya gani a sararin samaniya bai isa ya bayyana tafiyar taurari ba, domin lissafi yana nuna cewa akwai wani nauyi da ya ninka na bayyane kusan sau 5, alhali har yau ba a kama ko ƙwaya ɗaya daga cikinsa ba. Irin wannan saɓani tsakanin lissafi da abin da aka auna yana da dogon tarihi, kuma duk lokacin da ya taso yakan tsayar da masana a mararraba: ko dai akwai wani abu da ba a gani ba, ko kuwa dokar da ake lissafin da ita ce ke da gyara.

A shekarar 1687 ne Isaac Newton na Ingila ya fito da dokar ƙarfin janyowa, wato ƙarfin da kowane abu mai nauyi ke jan ɗan'uwansa da shi, wanda ke raguwa gwargwadon ƙaruwar nisa. Dokar ta yi aiki ba tangarɗa har sai da aka lura cewa duniyar Yuranus, wadda William Herschel ya gano a 1781, tana kaucewa daga hanyar da lissafi ya tsara mata. Masanin lissafi na Faransa Urbain Le Verrier ya yarda da Newton, ya ɗauka cewa wata duniya ce da ba a sani ba take jan Yuranus, ya lissafa inda ya kamata a neme ta, sannan ya aika wa Johann Galle na cibiyar hangen taurari ta Balin wasiƙa. A daren 23 ga Satumba 1846 Galle ya juya madubin hangen nesa zuwa wurin, ya kuwa iske duniyar Neftun ƙasa da digiri ɗaya daga inda aka ce masa.

Wannan nasara ce ta ja Le Verrier zuwa kuskure. A 1859 ya sanar cewa duniyar Makuri, wadda ta fi kowace kusanci da rana, ita ma ba ta bin ƙa'ida, domin wurin da take fi matsowa kusa da rana yana gusawa fiye da yadda lissafi ya yarda, da abin da daga baya aka tantance ya kai kashi 43 cikin kashi 3,600 na digiri ɗaya a kowane ƙarni. Sai ya sake yin amfani da dabarar da ta fisshe shi a baya, ya ce akwai wata duniya tsakanin Makuri da rana. Wani likitan ƙauye mai sha'awar taurari, Edmond Lescarbault, ya rubuta masa cewa ya ga baƙin ɗigo yana ratsa fuskar rana, Le Verrier ya je har garinsu ya yi masa tambayoyi, ya gamsu, aka raɗa wa duniyar suna Vulkan. An shafe shekaru da dama ana neman ta, musamman a lokutan husufin rana, ba a same ta ba, saboda babu ita. A watan Nuwamba 1915 ne Albert Einstein ya warware matsalar da sabuwar nazariyyarsa, wadda ta bayyana ƙarfin janyowa a matsayin lanƙwasar sarari da lokaci a kusa da abu mai nauyi, kuma lissafinsa ya fitar da wancan adadi na 43 ba tare da an ƙara wata duniya ba. Mutum ɗaya, da dabara ɗaya, ya dace a karon farko ya kuma faɗi a na biyu, kuma babu wata alama da za ta iya nuna masa tun farko wanne ne wanne.

Babin da ake ciki yanzu ya fara ne a 1933, lokacin da Fritz Zwicky, ɗan Siwizalan da ke aiki a Kalifoniya, ya yi nazarin gudun galaksi a cikin gungun Coma. Galaksi shi ne tarin biliyoyin taurari da ƙarfin janyowa ya haɗa wuri ɗaya, gungu kuwa taron ɗaruruwa ne ko dubban galaksi. Zwicky ya tarar suna gudu da saurin da ya kamata a ce tuni sun watse, kamar dutsen majajjawa idan igiya ta gaza riƙe shi, don haka ya yanke cewa akwai wani ɓoyayyen abu marar haske da ke riƙe da su. Adadin da ya fitar ya yi yawa ainun saboda ma'aunin nisa na zamaninsa bai inganta ba, kuma batun ya kwanta kusan shekara 40.

Wadda ta fi kowa tayar da shi ita ce Vera Rubin ta Cibiyar Carnegie a Washinton, tare da Kent Ford wanda ya ƙera na'urar da suka yi aiki da ita. Bisa dokar Newton, taurarin da ke bakin galaksi ya kamata su fi na ciki nawa, kamar yadda Neftun ta fi Makuri nawa wajen kewaya rana. A aikinsu na 1970 kan galaksin Andromeda, da kuma na 1980 kan galaksi 21, sun nuna cewa gudun ba ya raguwa ko da an kai inda haske ya kusa ƙarewa, kuma masu auna iskar haidirojin da na'urar rediyo, irin su Albert Bosma a Holan, sun sami sakamako iri ɗaya a nisa mafi tsawo. Daga baya hujja mafi nauyi ta fito daga wani ɓangare dabam, wato raunannen hasken da ya saura tun farkon sararin samaniya, wanda aka gano a 1965. Tauraron ɗan'adam na Planck ya auna shi dalla-dalla, kuma sakamakonsa na 2013 ya nuna cewa abin da aka saba da shi, tun daga taurari har jikin mutum, kusan kashi 5 ne kawai cikin 100, ɓoyayyen abu kusan kashi 27, sauran kashi 68 kuwa wani ɓoyayyen makamashi ne da aka ɗora wa alhakin ƙaruwar saurin faɗaɗar sararin samaniya, wadda aka gano a 1998, kuma shi ma ba a san haƙiƙarsa ba.

Akwai waɗanda suka bi ɗaya hanyar, wato ta gyara dokar. A 1983 Mordehai Milgrom na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya kawo shawarar cewa dokar Newton tana sauyawa a inda janyowa ta yi rauni matuƙa, kuma adalci ne a faɗi cewa ƙa'idarsa tana hasashen juyawar galaksi ɗai-ɗai da daidaiton da ya cancanci a nemo dalilinsa. Sai dai tana gazawa a kan gungu da kuma kan hasken farko, sannan a 2006 aka nuna wasu gungu biyu da suka yi karo, inda aka tarar mafi yawan nauyin yana wani wuri dabam da inda iskar gas mai zafi ta taru, duk da cewa gas ɗin ne mafi yawan abin da ake iya gani. Wannan ya sa mafi yawan masana suka tsaya kan ɓoyayyen abu, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi, amma hujjar duk ta ƙarfin janyowa ce, ba a taɓa abin da hannu ba.

Shi ya sa aka koma ƙarƙashin ƙasa. A wata tsohuwar mahaƙar zinariya da ke Dakota ta Kudu a Amurka, kimanin kilomita 1.5 a ƙasa, gwajin LUX-ZEPLIN yana riƙe da tan 7 na ruwan sinadarin zenon mai tsananin sanyi a cikin tanki, kewaye da na'urorin da ke jiran ɗan walƙiyar da za ta tashi idan ƙwayar ɓoyayyen abu ta bugi ƙwayar zarra, kuma dutsen da ke sama shi ke tare sauran ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya. Akwai irinsa a Gran Sasso ta Italiya da Jinping ta Sin. Wani gwaji a Gran Sasso mai suna DAMA ya daɗe yana cewa ya ga alama, amma gwaje-gwajen da aka yi don tabbatar da ita ba su goyi bayansa ba, kuma babban injin karo da ƙwayoyi na CERN, wanda ya gano ƙwayar Higgs a 2012, bai fitar da ƙwayar da ake nema ba. A 2024 gwaje-gwajen zenon na Italiya da Sin suka ba da rahoton cewa sun fara jin alamar ƙwayoyin nutirino da ke fitowa daga rana, waɗanda babu dutsen da ke tare su, kuma bugunsu yana kama da wanda ake jira, wanda ke nufin cewa ƙara girman tanki kaɗai ya kusa daina amfani, dole a nemo hanyar rarrabe bugun biyu.