Daga alexine zuwa cikamako: tarihin wata kalma da ciwon sanƙarau a Damargu

A nahawu muna kiran complément da sunan cikamako, wato abin da ke cika jimla. Likitoci ma suna da nasu complément a cikin jini, kuma kafin mu ara masu kalmarmu ya kamata mu duba inda tasu ta fito.

A 1891 Bajamushe Hans Buchner ya raɗa wa wani abu na ruwan jini da ke kashe ƙwayoyin cuta suna alexine, daga kalmar Girkanci mai nufin karewa. A 1895, a Institut Pasteur ta Paris, Jules Bordet ɗan Beljiyam ya nuna cewa aikin na abubuwa biyu ne. Na farko, anticorps, shi ke gane ƙwayar, kuma zafi ba ya lalata shi. Na biyu ba ya zaɓen ƙwaya, amma idan aka ɗumama ruwan jini zuwa digiri 56 sai ƙarfinsa ya mutu. Paul Ehrlich ne ya kira na biyun Komplement a 1899, don a ganinsa mataimaki ne kawai. Masu rubutu da Faransanci sun daɗe suna riƙe da alexine kafin su saki.

A ganinmu sunan da ya yi nasara shi ne mafi rauni. Yau an san cewa furotin ne fiye da 30, yawancinsu hanta ke yin su, kuma suna tada juna bi da bi. Hanyoyi uku ke kunna su, biyu daga ciki ba sa jiran anticorps, dukansu kuma suna haɗuwa a kan C3. Idan C3 ya tsage, ɓangarensa C3b yakan manne wa ƙwayar don fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta. Daga C5 zuwa C9 kuwa sai su haɗu su huda mata fata ta fashe. Wanda aka haifa ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan na ƙarshe yakan kamu da sanƙarau sau da yawa.

A nan ne zancen ya shafi Damargu. A 1963 Léon Lapeyssonnie ya shata yankin sanƙarau na Afirka tsakanin inda ruwan sama ke kai milimita 300 da inda yake kai 1100 a shekara. Tanut da kwarin Tarka suna bakin iyakarsa ta arewa, inda ciwon ke tashi da ƙurar hunturu, ya tsananta da bazara, ya lafa da faɗuwar damina. A Zariya, cikin ƙasar Hausa, Brian Greenwood da Hilton Whittle suka auna cikamako a jinin masu sanƙarau, suka buga sakamakon a 1976.

Rigakafin ma da shi ake gwada ta. Tun aikin Goldschneider da Gotschlich na 1969, ana haɗa ruwan jinin wanda aka yi wa allura da ƙwayar sanƙarau da cikamako, galibi na ɗan zomo, a ƙirga ƙwayoyin da suka mutu. Da wannan awo aka amince da MenAfriVac, wadda aka soma a Nijar a 2010 don nau'in A. Nau'in C ne ya kawo annobar 2015, ya kuma sake ɓulla a jihar Damagaram a ƙarshen 2022.

Mun riƙe cikamako saboda ɗalibanmu sun san ta, ko da yake makari, daga karewa, ta fi kusa da alexine.