Sitiyari da Allon Kafaɗa: Ciwon da Ya Biyo Direbobin Manyan Motoci

Jaki da raƙumi ne suka fara ɗauko gyaɗa zuwa Kano. Da jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kaya suka fi ƙarfin dabbobi. A shekarun 1920 da 1930 manyan motoci suka soma kutsawa garuruwa suna kwaso buhuna zuwa tashar jirgi, sai ga sabuwar sana'a mai martaba: direba a gaba, yaran mota a kan kaya, 'yan kamasho a tasha. Sana'ar ta kawo kuɗi da suna, ta kuma kawo ciwonta.

Tsofaffin Bedford da Austin ba su san sassauci ba. Sitiyarinsu faɗi gare shi kamar faifai, domin babu abin da ke taya direba juya ƙafafun gaba sai ƙarfin damtsensa. In mota ta sha lodi, aka zo juyawa a cikin tasha ko a lungun kasuwa, sai mutum ya sa hannu biyu ya jingino da dukan bayansa. Ga giya mai tauri, ga kujera da ba ta wuce benci ba, ga gargadar hanyar burji tana shiga jiki tun daga ƙugu har wuya. Ko da Marsandi 911 ta zo ta mamaye hanyoyi, wadda direbobi ke kira roka, tuƙi bai daina zama aikin ƙarfi ba. Shi ya sa yaron mota kan yi shekaru yana loda kaya da ɗaure tamfal kafin maigida ya yarda ya miƙa masa sitiyari.

Wurin da wahalar ke taruwa shi ne allon kafaɗa. Wannan ƙashi ba shi da gaɓar da ta haɗa shi da haƙarƙari. Ta ƙashin wuya kaɗai ya haɗu da ƙasusuwan gangar jiki, sauran riƙon na tsokoki 17 ne da ke manne da shi. Idan mutum ya ɗaga hannu sama, kusan kashi ɗaya cikin uku na motsin daga allon yake fitowa. To, idan hannuwa suka wuni a miƙe gaba, tsokar ƙirji ta ɗaure, waɗanda ke jan allon baya su yi rauni, sai ya riƙa tafiya a karkace. Daga nan direba zai ce kafaɗa ta riƙe, ko wuya ya sage, ko wani abu na sukarsa tsakanin kafaɗu.

Injiniyoyi sun yi nasu. Wani Ba'amurke, Francis Davis, ya gwada sitiyari mai aiki da matsin mai a 1926, kamfanin Chrysler kuma ya sa irinsa a motar sayarwa a 1951. Sannu a hankali fasahar ta kai ga manyan motoci, aka kuma ƙera kujeru masu shanye girgiza. A Najeriya, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, an kafa masana'antun haɗa manyan motoci: Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu.

Amma sauƙin sitiyari bai kori ciwon ba, kama ya sauya masa. Lokacin da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, kayan da yake ɗauka suka dawo kan titi, tafiya ta ƙara tsawo. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, ban da kwanakin jiran lodi a Apapa, inda direba kan kwana a lanƙwashe a kan mota. Direban da, kokawa da mota ce ta gajiyar da shi. Na yanzu, zama wuri ɗaya ne ke cin jikinsa.

Wanda ya tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos da dare zai ga yadda ake lallaɓa abin: man zafi, ƙahon wanzami, yaro ya taka wa maigidansa baya, sai ƙwayoyin kashe zafi da masu tallar magani ke yawo da su. Ƙwayoyin nan su ne abin tsoro, domin suna rufe bakin ciwo ne kawai, mutum ya koma sitiyari da kafaɗar da ke neman hutu da motsa jiki.

An kafa ƙungiyar direbobi ta NURTW a 1978, hukumar kiyaye haɗurra kuma a 1988, sai dai hankali ya fi karkata ga haɗari da lafiyar mota, jikin mai tuƙa ta yana can baya. A Tarayyar Turai, dokar 2006 ta wajabta hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, ta kuma ƙayyade tuƙin yini, in ban da togaciyar da ta ambata, a awa tara. Direban tirelar da ake biya gwargwadon sawun da ya yi, shi kam yawanci barci ko lalacewar mota ne ke tsayar da shi.