Taron Makaɗan Goge na Galax

Taron Makaɗan Goge na Galax gasar kiɗan gargajiya ce da ake yi kowane watan Agusta a garin Galax, cikin tsaunukan jihar Bajiniya ta Amurka. Ƙungiyar zumunci ta Moose da ke garin ce ta fara shi a 1935. Ana fafatawa a goge irin na Turawa, da jita, da mandolin, da banjo, wanda asalinsa ke komawa ga molayen Afirka ta Yamma. Akwai kuma gasar rawa.

Amma armashin taron yana bayan dandamali ne, a filin Felts Park inda baƙi ke kafa tantuna. Can makaɗa ke yin da'ira, wani ya ɗauko kiɗa, saura su bi shi da kunne ba takarda, tsoho da jikansa gwiwa da gwiwa, wani lokaci har asuba.